Mariam Issoufou: Macen Da Ta Gina Ɗakin Karatu Da Jar Ƙasa

  Yau za mu ɗan jingine zancen soyayya da na kwalliya a gefe guda, ba wai don sun gundure mu ba, sai don akwai wata magana da ta shafi duk wata yarinya mai rataya jaka ta nufi makaranta da safe, tun daga cikin garin Haɗejiya har ƙauyukan da ke bakin kogi.

Da tambaya zan fara. Ajin nan da kike zama a cikinsa tun daga Litinin har Juma'a, kin taɓa tambayar kanki wane ne ya tsara shi? Wa ya ce ga inda taga za ta kalla, ga iya tsayin bango, ga irin rufin da za a ɗora? Na san da yawanmu ba mu taɓa kawo wannan a ranmu ba. Mun ɗauka aji dai aji ne, bango huɗu da allo da benci, shi ke nan.

To amma ki tuna watan Afrilu, wajen ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da zafin ƙasar nan tamu yake haura maki 40. Kwano yana ƙas-ƙas a saman kanki, hijabi ya jiƙe sharkaf da gumi, malam yana ta faman bayani a gaban allo, ke kuwa idanunki sai lumshewa suke yi. Ƙarshe a ce miki raguwa ko mai barcin tsiya. Idan damina ta faɗi kuma, da zarar ruwa ya sauko a kan kwanon, ko malam zai tsage maƙogwaro ba mai jin abin da yake faɗa. Ga duhu a bayan aji, waɗanda ke can ba sa ganin rubutun allo sai sun ƙanƙance ido. Duk wannan ba laifinki ba ne, ba kuma laifin malam ba ne. Ginin ne aka yi ba tare da an zauna an yi tunanin wadda za ta zauna a cikinsa ba.

Akwai mutanen da wannan tunanin shi ne sana'arsu, shi suka karanta, da shi suke ci suke sha. Su ake kira masu zanen gine-gine, 'yan boko kuma su ce akitek. Magini shi ke jera bulo, injiniya shi ke lissafin ƙarfin ginshiƙi da yawan rodi don kada gini ya rufta. Shi kuwa mai zanen gini, tun kafin a sari ƙasa yake zuwa ya tsaya a filin, ya duba ta ina rana ke fitowa, ta ina iska ke kaɗawa, ina ruwa ke bi idan an yi mamako, su wane ne za su shiga ginin kuma me za su yi a ciki. Sai ya gama wannan nazari sannan ya ɗauki fensir. Yau labarin ɗaya daga cikinsu na kawo muku, kuma mace ce, daga maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar.

Wace ce Mariam?

Sunanta Mariam Issoufou, a da an fi saninta da Mariam Kamara. An haife ta a shekarar 1979 a birnin Saint-Étienne na ƙasar Faransa, amma a Nijar ta tashi, kuma ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a arewacin ƙasar, wajen yankin Agadas, inda idonta ya buɗe da ganin tsoffin gine-ginen ƙasa waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru a tsaye cikin rana da guguwar hamada.

Tun tana budurwa take son zane, ranta kuma yana kan gine-gine. Sai dai da lokacin shiga jami'a ya zo, ba shi ta karanta ba. Ta bi abin da a lokacin ake ganin ya fi tabbas wajen samun aiki, wato kwamfuta. Ta tafi Amurka ta yi digirin farko a Jami'ar Purdue, ta gama a 2001, ta ƙara digiri na biyu a Jami'ar New York a 2004. Ta kama aikin rubuta manhajar kwamfuta, ta yi shekara 7 tana yi.

A idon duniya dai ta gama samu. Ga ilimi, ga aiki, ga albashi a ƙasar da kowa ke mafarkin zuwa. Da a cikin littattafan soyayya ne, nan za a rubuta "alhamdulillahi" a rufe littafi. To ita nata labarin a nan ya ɗauko, domin abin da zuciya ke so ba ya mutuwa don an danne shi. Mariam ta ajiye aikin nan, ta koma aji ta zauna a matsayin ɗaliba a Jami'ar Washington da ke birnin Seattle, ta fara koyon zanen gine-gine daga tushe. Ta karɓi digirinta a 2013, tana da shekara 34 a duniya. Ki riƙe wannan lissafin, ke da kike ganin don kin faɗi jarrabawa sau ɗaya, ko don aure ya tsayar da ke shekara biyu ko uku, wai karatu ya wuce ki.

Abin da ta yi bincike a kai don kammala digirin ma mu ya shafa. Ta lura cewa a birnin Yamai samari suna da fada, wato majalisarsu ta bakin titi, inda suke zama su dafa shayi su yi hira har dare, ba mai ce musu uffan. 'Yan mata kuwa ba su da wurin zama a waje, domin duk wadda aka gani ta zauna sai an yi da ita. Don haka idan suna son hira da ƙawaye sai dai su yi ta tafiya, kamar an aike su. Mariam ta tambayi kanta: yaya za a tsara gari ta yadda yarinya za ta samu wurin da za ta tsaya, ta yi karatu, ta gana da 'yan uwanta, ba tare da mutuncinta ya taɓu ba? Wannan tambaya ba ta rabu da ita ba a ayyukan da ta yi daga baya.

A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai, ta raɗa masa suna da Hausa, Atelier Masomi, wato mafarin abu. Daga baya ofishin ya koma amsa sunanta. Aikin da ya fara fito da ita shi ne wasu gidaje 6 da ita da abokan aikinta suka gina a Yamai da tubalin ƙasa, aka gama a 2016, ana kiransu Niamey 2000. Gidaje ne masu bene, masu tsakar gida da sirri irin na gidan Bahaushe, a birnin da kowa ya ɗauka idan ba siminti ba to talauci ne.

Abin da ya faru a Dandaji

Dandaji wani garin Hausawa ne a jihar Tawa, mai mutane wajen 3,000, yawancinsu yara da matasa. Garin yana da tsohon masallacin Juma'a na ƙasa, irin ginin gwanayen yankin, amma ya tsufa, ruwa ya zaizaye shi, kuma ya yi wa jama'a kaɗan. Shawarar da aka fara yi ita ce a rushe shi a gina sabo na siminti a gurbinsa, kamar yadda ake yi a ko'ina.

Da aikin ya zo hannun Mariam da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, 'yar ƙasar Iran, sai suka kawo wata shawara dabam. Suka ce a gina sabon masallaci babba a kusa, wanda zai ɗauki mutum 1,000, shi kuma tsohon kada a taɓa shi da gatari, a gyara shi a mayar da shi ɗakin karatu. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Mutanen gari suka amince, aka gama aikin a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma na birnin Bagadaza, inda malaman Musulunci na zamanin Abbasiyawa suka tara littattafai suka yi ta fassara da nazarin lissafi da likitanci da ilimin taurari.

Ku dubi hikimar da ke cikin tsarin. Masallaci da ɗakin karatu suna fili ɗaya, akwai hanya da shuke-shuke a tsakaninsu. Mai zuwa salla sau 5 a rana dole ya ga ɗakin karatu, mai karatu kuma idan an kira salla taku kaɗan zai yi ya shiga sahu. Uban da zai yi ɗari-ɗari da barin 'yarsa ta tafi wani wuri can da sunan karatu, hankalinsa zai kwanta idan ya san a harabar masallaci take, inda shi kansa yake zuwa. Ba wanda aka yi wa wa'azi ko lacca a kan ilimin mata. Gini ne kawai aka ajiye a inda ya dace, ya sauƙaƙa abin da da yake da wuya.

A cikin tsohon masallacin an sa kantocin littattafai da wuraren zama na mai son karatu shi kaɗai da na masu karatu a rukuni, an kuma ɗaga wani ɗan bene a ciki don ƙarin wuri. An ƙara azuzuwa a gefe, inda manya, musamman mata, za su koyi karatu da rubutu da lissafin sana'a. Makarantar da ke garin tana karɓar yara daga ƙauyukan kewaye, ga shi yanzu sun samu inda za su zauna su yi bitar darasi a natse.

Wajen aikin kuwa, ba a ɗauko magina daga birni an ture na gida ba. An nemo maginan da suka san tsohon ginin aka sa su cikin aikin, suka kawo abin da suka gada, su ma aka nuna musu sababbin dabarun kare bangon ƙasa daga zaizayar ruwa. Yawancin kayan aikin daga kewayen garin aka samo su. Tubalin sabon masallacin na jar ƙasa ne da ake zubawa a wani ɗan inji a matse shi tamau, ya fito da kusurwa huɗu santal kamar bulo, ba a gasa shi da itace ba. Siminti da rodi sai a wuraren da ke ɗaukar nauyi kawai, kamar ginshiƙai. An kuma yi wurin tara ruwan damina a ƙarƙashin ƙasa don shayar da itatuwan harabar da rani.

Wannan aiki ya ciyo lambar zinariya ta gasar LafargeHolcim a yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, tun ma kafin a gama shi, sannan ya ciyo ta azurfa a duniya baki ɗaya a 2018. A garin na Dandaji dai, Mariam ta tsara kasuwa mai rumfunan tubalin ƙasa da wasu faya-fayan ƙarfe masu launi-launi da ke yin inuwa, a kewayen wata tsohuwar bishiya da aka saba cin kasuwa a gindinta. A 2019 aka ba ta lambar yabo ta Yarima Claus daga ƙasar Holan. A 2022 ta zama farfesa a babbar jami'ar kimiyya da fasaha ta birnin Zurich a ƙasar Suwizalan. Ita aka ba zanen cibiya da ɗakin karatu na Ellen Johnson Sirleaf a Monrobiya ta ƙasar Laberiya, wato mace ta farko da aka zaɓa shugabar ƙasa a Afirka.

Shin ginin ƙasa ba ci baya ba ne?

Na san abin da wata za ta ce: "Haba Anti, muna murna mun rabu da ginin ƙasa, ke kuma za ki mayar da mu?" To tsaya ki ji. Ki shiga soron kakarki da tsakar rana a watan bazara, sannan ki fito ki shiga ɗakin bulo mai rufin kwano marar silin, jikinki zai ba ki amsa. Dalili kuwa shi ne, bangon ƙasa mai kauri a hankali yake shan zafin rana, kafin zafin ya ratsa ciki dare ya yi, sai ya sake shi lokacin da gari ya yi sanyi. Bulon siminti siriri ne kuma da rami a cikinsa, nan da nan zafi ke ratsa shi. Kwano kuwa ba a magana, tanda ce aka kifa a kan mutane.

Kuma ai ba yau aka fara ba. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ƙasa ya gina masallacin Juma'a na Zariya a wajajen shekarun 1830, masana gine-gine na duniya har yau suna nazarin bakunan rufinsa. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ginin ƙasa ce. A can jihar Tawa kuma, wani magini mai suna Falke Barmu ya gina masallacin garin Yama da ƙasa, aikin da ya ciyo kyautar Aga Khan a 1986, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan gine-gine na duniya. Shi ba a jami'a ya koya ba, a bakin aiki ya koya.

Wata kuma za ta ce, ita Mariam ai ta samu gata, har Amurka ta je. Gaskiya ne, ba kowa ke samun wannan ba. To ga labarin Francis Kéré na ƙasar Burkina Faso. An haife shi a 1965 a ƙauyen Gando, inda ko makaranta babu. Yana ɗan shekara 7 aka tura shi birni karatu, ya zauna a irin ajin nan namu na bulo, mai zafi da duhu da cunkoso. Kafinta ya fara zama, daga nan ya samu tallafin zuwa Jamus, ya yi karatun dare har ya shiga jami'a a Balin. Tun yana ɗalibi ya yi ta tara taimako, ya koma ƙauyensu shi da mutanen gari, maza da mata, suka gina firamare mai aji 3, aka gama a 2001.

Dabarar da ya yi mai sauƙi ce. Bango na tubalin ƙasa, silin ma na tubali mai 'yan ƙofofi, sannan ya ɗaga kwanon sama a kan ƙarafa, ya bar sarari tsakaninsa da silin, ya kuma zazzago da bakinsa ya wuce bango sosai. Iska mai zafi dama sama take yi, sai ta fice ta ƙofofin silin, mai sanyi ta shigo ta taga. Kwanon ya zama laima, yana kare bango daga ruwa da rana, ba ya gasa yara. Ba fanka, ba lantarki. Makarantar ta ci kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ita ce ƙololuwa a wannan sana'a.

Mu dawo gida Haɗejiya

Yanzu sai mu dawo bakin koginmu, domin nan ne maganar ta fi shafarmu. Dandaji da Gando zafi ne babban abokin gabarsu. Mu kuwa biyu muka haɗa, ga zafi ga ruwa. Kogin Haɗejiya daga ƙasar Kano yake tasowa, inda kogin Kano da na Challawa suka haɗu, ya ratso ƙasarmu ya bazu cikin fadamun da suka miƙa har Nguru, kafin ruwan ya nufi Tafkin Chadi. Shi ya ba mu shinkafa da alkama da kifin da ake zuwa saye daga nesa. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kachalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyinsa, ga yashi ya cike ƙasan kogi. Idan damina ta yi ƙarfi, ruwan da ya rasa hanya sai ya nemi ta cikin gari.

Ba sai an ba 'yar Auyo ko Guri ko Kirikasamma ko Kafin Hausa labarin ambaliyar 2020 da ta 2022 ba. Kun ga yadda maza suka kwana a bakin jinga suna jera buhunan ƙasa. Kun ga gidaje sun zube, gonaki sun nutse. Kun kuma ga inda jama'a suka dosa da tabarmi da tukwane a ka: makaranta. A ƙasarmu aji ba wurin karatu ba ne kaɗai, shi ne mafakar gari ranar da ruwa ya zo. Makarantar da ruwa ya ci ta rufe, wadda ta tsira kuma ta cika da masu gudun ambaliya, ita ma karatu ya tsaya. Ku kuma kun fi kowa sanin cewa idan aka yi dogon zaman gida, ba duk 'yan matan da suka fita ne suke komawa aji ba. Wata talla ta ɗauke ta, wata kuma kafin ruwa ya janye an sa ranarta.

Saboda haka ba cewa nake a kwaso ginin Dandaji a dire shi a bakin kogin Haɗejiya ba. Duk wanda ya ga katangar ƙasa ta jiƙa ta zauna ya san tubali da ruwan kwance ba sa ga maciji. Abin ɗauka a wurin Mariam shi ne irin tambayoyin da take yi kafin ta zana layi ɗaya. Da za a ba 'yar Haɗejiya zanen makaranta, ai ta san ta fara zuwa wurin dattawan gari da masunta ta tambaye su iya inda ruwa ya taɓa kaiwa, ta nemi tudu. Ta san ta ɗaga dakalin ginin ya haura wannan alama, ta yi harsashi da dutse da siminti, tubalin ƙasa kuwa sai daga sama inda ruwa ba ya kaiwa. Ta san ta sa tagogi a bango biyu masu kallon juna don iska ta ratsa, ta kauce wa rana ta gabas da ta yamma, ta yi baranda mai faɗi, ta bar wurin darbejiya. Tunda ta san wata rana iyalai za su kwana a wurin, za ta ɗaga bakin rijiya ko famfo yadda ruwan ambaliya ba zai gurɓata shi ba, ta ware wurin da za a killace littattafai da bencina a sama.

Akwai kuma abin da sai mace ce za ta fara tunawa da shi: banɗaki. Banɗakin 'yan mata mai ƙofa da sakata, mai ruwa, wanda ba ya kallon na maza ko filin ƙwallo. Mu mun san kwanakin nan na kowane wata da yarinya kan gwammace ta ce kanta ke ciwo ta zauna a gida, don kawai babu inda za ta kimtsa a makaranta. Ki lissafa kwana 3 ko 4 a kowane wata, ki ga darasi nawa ya wuce ta a shekara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wasu ƙasashen masu irin matsalarmu sun gwada nasu dabarun. A Bangaladash, wani mai zanen gine-gine mai suna Mohammed Rezwan ya ga ambaliya tana hana yara zuwa makaranta, sai a 2002 ya fara mayar da jiragen ruwa azuzuwa, jirgi ya bi gaɓa ya kwashi yara, ya tsaya a yi darasi, ya mayar da su gida. A nan Nijeriya ma, Kunle Adeyemi, haifaffen Kaduna, ya gina makaranta mai yawo a kan ruwa a unguwar Makoko ta Legas a 2013, da katako a kan durom-durom na roba. Duniya ta yi ta yabo, amma a watan Yunin 2016 ruwan sama mai ƙarfi ya rusa ta. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, domin an riga an kwashe yaran. Darasin da ke nan shi ne, gini ba ya ƙarewa ranar da aka yanke kyalle aka ɗauki hoto. Dole mai zane ta yi tunanin wa zai riƙa gyara shi, da wane kuɗi, kuma ko maginin garin zai iya. Shi ya sa Mariam take jawo maginan gida cikin aikinta.

Ta ina za ki fara?

Idan kin ji zuciyarki ta motsa, to hanyar a buɗe take, kuma ba sai kin tsallaka teku ba. Tun daga aji 4 na sakandare ki zaɓi ɓangaren kimiyya, ki riƙe Lissafi da Fiziks da Turanci da hannu biyu, domin su ne ginshiƙan jarrabawar JAMB ta wannan fanni. Idan makarantarku ana koyar da zanen fasaha ko zane-zane ko labarin ƙasa, kada ki yi wasa da su. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da tsohon sashe mai suna a wannan fanni, akwai shi kuma a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Aliko Ɗangote da ke Wudil, nan kusa da mu. Akan yi shekara 4 a digirin farko, a ƙara kamar 2 a na biyu, sannan a yi aiki a ƙarƙashin wanda ya riga ya ƙware, a ci jarrabawar ƙwararru, hukumar ARCON ta yi wa mutum rajista. Akwai kuma hanyar difloma a kwalejojin fasaha ga wadda ba ta samu jami'a kai tsaye ba.

Ba zan ɓoye miki ba, karatun yana da wuya. Akwai kwanan zaune a kan zane, akwai kashe kuɗin takardu da kayan aiki, akwai tsayuwa a rana cikin magina da leburori waɗanda wasunsu ba su saba karɓar umarni daga mace ba. Za a ce miki aikin maza ne. To ki tuna wace ce ke wuni a cikin gida, wace ce ta san inda hayaƙin murhu ke taruwa, da inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya, da ɗakin da ba ya kwantuwa da bazara. Hannun da ya iya zana fulawar lalle ba tare da ya karkace ba, ya iya yanka atamfa a kan awo, wallahi ba fensir da rula ne za su gagare shi ba. Kuma sana'a ce da ba ta hana aure ko hijabi, yawancin zanen ma a zaune ake yinsa, a takarda ko a kwamfuta.

Ga ɗan aikin da zan ba ki kafin fitowa ta gaba. Ki samu takarda da fensir ki zana ajinku kamar kina kallonsa daga sama, an ɗauke rufin. Ki auna tsawo da faɗi da takunki, ki sa alamar ƙofa da tagogi, ki nuna gabas. Ki lura da bencin da rana ke duka da safe da wanda take duka da azahar, da inda ruwa ke taruwa a harabar makaranta bayan an ɗauke ruwan sama. Daga nan ki sake zana shi yadda ke kike ganin ya kamata ya kasance. Idan kin gama ki nuna wa malamin lissafinku ko wani magini a unguwarku, ki ji abin da zai ce.

Ku kuma iyayenmu da yayyenmu maza da ke leƙa wannan shafi a ɓoye, idan kun ga yarinya tana yawan zane-zanen gidaje a bayan littafinta, kada ku ce ɓarnar takarda take yi. Ku saya mata fensir da rula, ku sa mata albarka. Jihar Jigawa tun 1991 take gina makarantu, kuma ba ta gama ba, wasu ma sai an sake su saboda ruwa. Wani ne zai zana su ko ana so ko ba a so. Ina ma a ce wadda ta zauna a cikin zafin ajin nan, ta kuma taka ruwan ambaliyar nan da ƙafarta, ita ce za ta riƙe fensirin.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya kare garuruwanmu daga ambaliya, ya sa albarka a karatunku. Ina jiran wasiƙunku da zanenku ta adireshin mujalla. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum.